Ragon da Shamroz Ya Ƙi Yankawa

A kasuwar Besham ana cewa wai Shamroz mai doli, akwatin nan da ke haye kogi a kan waya, ya shanya mutum goma sha ɗaya a kan wayarsa, kamar yadda mata ke shanya nama gabanin sanyi, wai in iska ta taso daga kogin Abasin sai ka ji ƙasusuwansu suna kaɗawa kamar ƙararrawar awaki. Wani direban babbar mota har rantse mini ya yi da kan 'ya'yansa cewa ya gan su da idonsa, ɗaya ma ya ɗaga masa hannu. To ƙarya ce tsagwaronta. Ni ɗan gwaggonsa ne, a kwano ɗaya muka tashi, haƙorina na gaba ma shi ya fitar mini da shi, don haka in za a yi wa Shamroz ƙarya ni ya kamata in yi, ba baƙo ba. Mutum ɗaya ne rak, sunansa Talimand, kuma bai bushe ba, ramewa kawai ya yi. Ko yana da rai yanzu ko babu, ku yi haƙuri tukuna, ni ma jinin gidan ne a jikina.

Shamroz tun a ciki ya fara halinsa. Uwarsa Gulandama ta ce kwana uku tana naƙuda, ya leƙo ya koma, ya leƙo ya koma, har ungozoma ta yi fushi ta ɗauki takalmanta. Da ya yi wayo kuwa sai abin ya zama ciwo. A ce, "Shamroz, ka ci?" Sai ya dube ka. "Za ka bi mu kiwo?" Sai ya ce, "Na ji." Wannan "na ji" ita ce dukiyarsa. Ba i ba ce, ba a'a ba ce, sai ka tsaya da baki buɗe kamar kare a ƙofar mahauta. Malamin makarantarmu ya karya tsumagiya huɗu a bayansa don ya faɗi ko shi ya fasa tulun ruwa. Ya ce ya ji. Ni da na ce masa bebe mai kunne, bai ce komai ba har sati biyu, na saki jiki na manta, ranar wata Laraba ina cin gurasar masara ya zo ya sa mini dutse a baki. Abin da ya sa har yau nake fito idan na ce "safiya".

Ƙauyenmu Zarbanda yana manne a saman dutse, titi kuma yana can ƙasa a ƙetaren kogi. In ba za ka yi kwana biyu kana zagaye da ƙafa ba, to sai doli: akwatin ƙarfe mai cin mutum huɗu da akuya, rataye da tayoyi biyu a kan waya mai kaurin damtse. Igiyar ja ce ke hawo da shi, tana naɗewa a gangar ƙarfe da injin wata tsohuwar jif ke juyawa a ɓangarenmu. A ƙasa Abasin yana tafasa, launin toka, in ka jefa masa saniya ba zai ko yi gyatsa ba. Shamroz ya gaji dolin daga ubansa yana ɗan ashirin da biyu. Amare sun haye a ciki, gawa ta haye, masu naƙuda sun haye, buhunan gari da kwanon rufi da wani ɗan maraƙi da ya yi wa limaminmu fitsari a cinya. Shekara goma sha tara ko kaza ba ta taɓa faɗowa daga dolinsa ba. Wannan ne kaɗai abin da Shamroz ke faɗa da cikakken baki. In ka taɓa wannan, ka taɓa idonsa.

Yana da ƙane guda, Sarzamin, wanda Allah ya ba duk maganar da ya hana wansa. Mai dariya ne, mai saurin hannu, faɗa kuma kamar zakara. Gonarsa ta masara tana maƙwabtaka da ta Talimand, ruwa ɗaya suke sha daga hanyar ruwan da ke gangarowa daga ƙanƙara. Rabon ruwa a wajenmu da inuwa ake yi: in inuwar dutse ta taɓa farin dutsen da kakanni suka kafa, mai ruwa ya toshe nasa, na gaba ya buɗe. Ranar da abin ya faru hadari ne ya rufe sama tun safe. Babu rana, babu inuwa.

Talimand ya ce, "Lokacinka ya wuce, toshe."

Sarzamin ya ce, "Nuna mini inuwar."

"Cikina ya gaya mini azahar ta yi."

"To cikinka ya je ya shayar da masararka."

Daga nan aka shiga iyaye. Sarzamin ya fara kai mari, wannan kowa ya yarda. Suka kama kokawa cikin taɓo, ya danne Talimand ya tura kansa cikin ruwan yana cewa, "Sha! Ba ruwa kake so ba?" Talimand ya kuɓuce da ƙyar, hannunsa ya faɗa kan shebur, ya juyo da shi da baki-baki. Sau ɗaya ya sara. Kan Sarzamin ya buɗe daga kunne zuwa tsakiya. Ruwan da suke faɗa a kansa ya gangara gonaki uku yana ja.

Shamroz ne ya ɗauko shi a kafaɗa. Bai yi kuka ba, bai yi ihu ba. Ya wanke shi, ya sa shi a rami, ya koma ya kunna injinsa don akwai masu zuwa gaisuwa da ke jira a ƙetare.

Talimand kam tun kafin jinin ya bushe ya bi ta kan duwatsu ya ɓace. Danginmu suka huce a kan abin da ya bari. Aka cinna wa gidansa wuta da rana tsaka, aka sare itatuwansa har saiwa, aka harbe shanunsa biyu, ɗaya ma sau tara, don kowa na so a ce ya harba. Wanda ya ja gaba shi ne Ajab, wan matar marigayin, wani ƙato mai gemu kamar tsintsiya, wanda ko atishawa zai yi sai ya saɓa bindiga. Shamroz bai je ba. Aka ce masa an ƙone gidan. Ya ce ya ji.

Shekara uku Talimand yana dako a Karachi. Da kewar uwarsa da 'ya'yansa ta ci ƙarfinsa, sai ya dawo ta hanyar da mai laifi ke dawowa. Dattawan jirga, wato majalisar sulhun ƙauye, a gaba, liman da Alƙur'ani a ka, shi kuma a baya, ba hula, ba takalmi, igiya a wuya, ciyawa a baki, yana jan rago. Ya durƙusa a ƙofar zauren Shamroz ya tofar da ciyawar, ya kira shi da sunan girma da muke kiran yaya, ya ce, "Ni sanka ne, Lala. Ka yanka ko ka sake."

Kowa ya san abin da ke biyo baya. In mai jini ya yanka ragon aka ci tare, magana ta mutu har abada. In ya kore shi, to gaba ta dawo sabuwa, mai laifi ya koma ya ɗauki bindigarsa ya tsare kansa, wanda ya riga wani shi ke nan. Amma muddin ragon na hannun mai jini da rai, mai roƙo ba shi da ikon riƙe ko wuƙar yankan albasa, don in ya riƙe ya janye roƙonsa da kansa. Wannan zaman ba ya wuce shan shayi ɗaya. Kakanninmu ba su taɓa tunanin za a haifi Shamroz ba.

Ya fito, ya dubi Talimand, ya dubi ragon. Ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora kamar mai saye. Ya karɓi igiyar.

Malik Pordil, babban dattijon jirga, ya ce, "Masha Allah. A kawo wuƙa."

Shamroz ya ja ragon ya wuce da shi ta gabansu, ya gangara har tashar doli, ya ɗaure shi a jikin turken ƙarfe kusa da inji, ya zuba masa dusa.

Malik ya biyo shi yana haki. "Ɗana, me ke nan? Ka karɓa?"

"Na ji."

"Ka ji me? Yankawa za ka yi ko korewa?"

"Malik Sahib, akwai mutane a ƙetare." Ya ja igiyar inji, ƙara ta cinye sauran maganar.

Tun daga ranar Talimand ya zama ba shi a rayayyu ba shi a matattu. Bai isa ya ɗauki makami ba, bai isa ya juya wa daji baya ba. Ga shi gidansa toka, sai ya sayo katako da kwano da ƙusa, duk kuwa a ƙetare suke. Dole ya zo tashar doli. Ranar farko ƙauyen gaba ɗaya ya fito kan duwatsu kamar ranar idi. Shamroz ya buɗe masa ƙofar akwatin da hannunsa, ya rufe, ya sa sakata. Doli ya gangara lafiya lau. Da ya kai tsakiyar kogi, inda iska ke kaɗa shi kamar zanin da aka shanya, sai inji ya yi shiru.

Shamroz ya taka birki, ya zauna a kan dutse. Ya ciro gwangwanin naswar, garin tabarmu, ya ɗiba ya cusa a leɓe. Ya jawo gatarinsa, ya jawo dutsen wasawa, ya fara. Ƙiii, ƙiii. Igiyar ja tana nan gabansa, taku ɗaya. In aka sare ta, doli zai sulale da gudu ya je ya daki dutsen ƙetare, abin da za a kwaso ba zai cika kwando ba. Talimand na hango shi sarai. Shamroz ya gwada kaifin a gashin hannunsa, ya dubi igiyar, ya dubi ragon, ya tofar da yawu. Sannan ya ajiye gatarin ya tada inji.

Haka ya yi a dawowa. Haka ya yi sati na gaba. Haka ya yi shekara biyar, duk ranar da Talimand ya shiga. Ba mai yarda ya hau tare da shi, har matarsa. Wata rana tsayuwar ta shan ruwa ce, wata rana sai an yi sallar la'asar an idar. Talimand da ya dawo daga Karachi da wuya kamar na bijimi, sai da ya koma in ya juya gefe ba ka ganinsa. Gashinsa ya yi fari fat. In aka saki murfin tukunya a bayansa sai ya yi kalmar shahada. Ragon kuwa ya ci dusa ya ci ɓawon gurasa har ya kai girman jaki, ƙahonsa ya naɗe sau biyu, ya tsani kowa a duniya in ban da Shamroz. Ya karya wa mai kawo man inji haƙarƙari, ya jefa wani ɗan siyasa cikin kwata.

Mutane na cewa mugunta ce ta wanda ya iya. Ni ma haka na ɗauka, har na riƙa yi masa kirari. Ashe ba haka ba ne. Gaskiyar ita ce Shamroz bai sani ba. Kullum da safe yakan tashi da cewa yau zai sare. In doli ya kai tsakiya, ya ɗaga gatari a zuciyarsa, sai ya ga mutum ne a cikin akwatinsa, a kan wayar ubansa, wanda shi da kansa ya rufe wa ƙofa. Sai ya ce to bari ya iso in yanka ragon kowa ya huta. In Talimand ya sauko ya wuce ta gabansa, sai idonsa ya faɗa kan hannun nan na dama da ya riƙe shebur, ya ji nauyin Sarzamin a kafaɗarsa da ɗumin abin da ya zubo masa a wuya. Sai ya ƙara wa ragon dusa.

A gida kuma wuta ce. Gulandama ta ajiye rigar da Sarzamin ya mutu a ciki, ba ta wanke ba. Duk ranar da ta ji Talimand ya haye ya dawo, sai ta shimfiɗa rigar a inda Shamroz ke cin abinci.

"Ci a kai," in ji ta. "Tun da kai makiyayi ne yanzu."

"Abai, ki bari."

"In bari? Na haifi biyu, namijin ya mutu, aka bar mini mai ba rago abinci. Ka ɗaura masa aure mana, ka kai shi Makka!"

Ranar da ya ce mata ya ji, ta rafka masa muciyar gurasa a goshi, sai da aka ɗinke da zare huɗu. Dattawa su ma ba su bar shi ba. Malik Pordil ya zo da lallashi, ya zo da aya, ya zo da zagi, a ƙarshe ya zo da sanda. Ya ce tun da aka kafa Zarbanda ba a taɓa wulakanta jirga haka ba, wanda aka kashe ma ya fi Talimand samun hutu. Shamroz ya zuba masa shayi.

Shi kansa Talimand sai da ya kai bango. Wata ranar Talata, doli na tsaye a tsakiya, aka ji muryarsa ta keto ƙarar kogi.

"Sare! Shamroz, don girman Allah sare! Ɗan tsinanniya, sare ka huta in huta!"

Ya riƙa dukan ƙarfen da kansa har goshinsa ya fashe. Da aka jawo shi ya fito jini har gemu, ya tafi kai tsaye ya ɗauki gatarin, mutane suka watse. Sai ya juya ƙotar ya cusa wa Shamroz a hannu, ya durƙusa ya kwantar da wuyansa a kan gangar ƙarfe.

"Ga shi. Nan ba cikin dolinka ba ne. Ba ka da hujja."

Shamroz ya daɗe yana kallon wuyan nan, siriri kamar na kaza. Jijiyar hannunsa ta miƙe. Mata suka rufe ido. Sai ya ce, "Tashi, kana ɗiga mini jini a kan igiya."

Talimand ya tashi ya shaƙe shi. Suka yi ta birgima tsakanin inji da turke, cizo da naushi da gwiwa, Shamroz ya tsinke masa rabin kunne, shi kuma ya kumbura wa Shamroz ido ɗaya har ya rufe. Sai da mutum shida suka raba su. Aka ce to yau dai an samu amsa, tun da mai roƙo ya ɗaga hannu. Malik ya ce hannu ba makami ba ne, gatarin ma miƙa shi ya yi ba riƙewa ba, rago kuma na nan da rai. Aka koma gidan jiya.

Wanda haƙurinsa ya ƙare shi ne Ajab. Ya gaji da gorin da ake yi masa a zaure cewa mijin ƙanwarsa na kwance shekara takwas ba a biya masa ba. Harbin Talimand a hanya ba zai yiwu ba, don mai roƙo amanar mai jini ne, wanda ya taɓa shi jirga za ta ƙone gidansa. Amma igiya ai tana iya tsinkewa. Ranar da aka gama girbin masara, da hantsi, Talimand na hawowa daga ƙetare da buhun gishiri da kwanon rufi biyu. Shamroz ya tsayar da shi a tsakiya kamar kullum, ya zauna, ya jawo gatari. Ajab ya zo ya tsaya a kansa yana murmushi.

"Sannu da aiki, Lala. Kaifi ya yi kuwa?"

"Yana yi."

"Shekara biyar kana wasawa, ai ya isa aske sauro. Kawo in gani."

Shamroz bai kawo komai a ransa ba, ya miƙa masa. Ajab ya juya gatarin a hannu, ya yaba, ya yi taku ɗaya ya sauke shi a kan igiyar da duk ƙarfinsa.

Ta tsinke da ƙara kamar harbi. Bakin igiyar ya zabura yana bin ƙasa kamar maciji, doli ya fara sulalewa baya, tayoyin na kuka. Shamroz bai yi tunani ba, shi da kansa ya ce bai san lokacin da ya tashi ba. Ya faɗa kan igiyar da ciki, ya cafke da hannu biyu. Ta ja shi a kan tsakuwa kamar buhu, ta sale masa tafin hannu har ana jin ƙaurin fata. Ya tokare ƙafa da turken ƙarfe, ya yi wa turken naɗi ɗaya, ya yi na biyu, igiyar ta ɗaure tam da yatsunsa biyu a ciki. Aka ji ƙas. Doli ya yi tsalle a kan waya, kwanon rufin suka tashi sama suka faɗa kogi, ya yi lilo, ya tsaya.

Ajab ya ce, "Sake, mahaukaci! Na yi maka abin da ka kasa!" Ya ɗaga gatarin zai sake sara a gaban turken.

Shamroz na ɗaure, ba hannu. Ya kai masa shuri a gwiwa, Ajab ya tangaɗe ya dawo ya buga masa ƙotar a baki, haƙora biyu suka zubo. Sai dai a tangaɗin nan ya shiga da'irar igiyar ragon, ya kuma ba shi baya. Ni ina wurin, a bayan wani dutse inda na ga ya fi dacewa da mai ba da labari. Ragon ya ja da baya har iyakar igiyarsa, ya sunkuyar da kai. Na rantse Ajab ya tashi sama har na hango titin ƙetare ta ƙarƙashinsa. Ya sauko a kan injin mai zafi, ya mirgino, ragon ya ƙara masa a haƙarƙari, ya ƙara masa a inda ba a faɗa. Har yau in zai zauna sai ya nemi matashi.

Ihu ya tara maza. Mutum goma sha biyar suka kama igiyar suka ja da hannu, taku bayan taku, har doli ya iso. Sai da suka sassauta naɗin sannan hannun Shamroz ya fito. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka zauna a jikin turke.

Talimand ya fito da rarrafe. Ya dubi turken, ya dubi hannun. Ya cire rawaninsa ya fara naɗe masa, yana kuka kamar yaro.

"Me ya sa, Lala? Da ka bari ai shi ke nan. Ba kai ka sare ba, ba mai cewa komai."

Shamroz ya tofar da jini. "Ba a faɗuwa daga dolina."

Aka ƙulla igiyar, aka ce maza a sa shi a haye da shi asibiti kafin jini ya ƙare. Ya ƙi tashi. Ya zauna yana kallon hannun da aka naɗe, kamar wani ne ya ba shi aro. Abin da ya yi shekara biyar yana tambayar kansa, ga shi hannun ya riga ya faɗa a gaban mutane, ba kuma yadda za a yi ya mayar. Ya ce, "Ku kira Malik. Ku kawo wuƙa."

Sai da ƙarti bakwai suka kayar da ragon, ya kuma tafi da farcen mutum biyu. Shamroz ya riƙe wuƙar da hagu, ta ƙi zama, don tafin duk a sale yake. Ya dubi Talimand ya ce, "Kai, riƙe mini wuyan hannu. Kar ka taɓa wuƙar." Haka aka yanka, hannu a kan hannu. Jinin ya yi tsiri har kan injin. Shamroz ya shafa goshin ragon, na ga idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙi ne, alhali inji a kashe yake.

Washegari da ya dawo daga asibiti aka dafa. Naman nan tun safe yake kan wuta har la'asar, da aka sauke kamar tayar mota. Malik Pordil ya bar haƙorinsa na ƙarshe a cikin cinya. Amma aka ci, Shamroz da Talimand a faranti ɗaya, kowa na gani. Gulandama ba ta fito ba, ba ta ci ba, har ta rasu ba ta amsa gaisuwar Talimand ba. Sai dai da ake neman gishiri, ƙofar ɗakinta ta buɗe kaɗan, aka turo ƙoƙo da ƙafa, aka rufe.

Yanzu Talimand ya mayar da wuyansa, har ya fi da. Yana hawa doli da matarsa da jikoki, ba a tsayawa a tsakiya. Amma in an kai wurin sai ka ga ya rufe ido yana motsa baki. Shamroz na nan da yatsu takwas da injinsa, furfura ta cika masa kai, "na ji" ɗinsa kuma ba abin da ya rage mata.

Kwanan baya na same shi a tasha yana shafa wa waya baƙin mai, mutane cike ana jiran hayewa. Na ce bari in ɗan motsa shi.

Na ce, "Lala, ashe duk wasa gatarin nan tsoro ne? Shekara biyar ka rataye bawan Allah tsakanin sama da ruwa, ashe kai ma ba ka san abin da za ka yi ba. Da ka tambaye ni ai da na gaya maka tun ranar farko, da yanzu kana ƙirga goma kamar mutane."

Aka fashe da dariya. Bai ko ɗago ba, ya ci gaba da shafa mansa.

Ya ce, "Shekara biyar ce ta dame ka? Uwarka shekara arba'in da shida take jira ta san ko mutum ta haifa, har yau ba a ba ta amsa ba. Shiga in za ka haye."